Dalili Na Goma

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Talata aka bugo wa Sufeto Marcel Thibodeau waya. An tsinci gawar Dakta Alvin Friesen a ofishinsa, a sashen lissafi na wata kwaleji a Winnipeg. Kansa a kife kan tebur, ga kofin gahawa a gefe, ga kwalbar ƙwayar barci wayam.

Akwai kuma takarda, bugun injin sashen, tsaf kamar shafin littafi. Dalilai goma aka jera da lamba, duk goman kuma matarsa Lorna suke tuhuma: ta raina shi, ta hana shi sakat, ita ta kai shi ga haka.

Lorna na zaune kan benci a ƙofar ofishin. Ta riga ta karanta, idonta a bushe.

"Shekara ashirin da shida, Sufeto," ta ce. "Ashe haka yake kallona."

Tausayinta ya kama shi. Amma Thibodeau bai taɓa yarda da takardar da ta cika tsabta ba. Ya kai ta wurin Bernice Halvorsen, dattijuwar da ke buga takardun sashen. Kallo ɗaya ta yi mata ta taɓe baki.

"Ba aikin Alvin ba ne."

"Kin san zuciyarsa ne, Madam?"

"Zuciyarsa sai matarsa. Ni layinsa na sani. Dubi nan."

Ta ɗora farce. Daga ɗaya zuwa tara, lamba tana rataye a hagu, rubutu ya miƙe a ƙarƙashin juna ɗoɗar. A na goma kuwa layin farko ya zarce dama, na ƙasa sun tsaya inda suka saba.

"Mu ba da hannu muke tsara shafi ba," in ji ta. "Umarni muke rubuta wa kwamfuta, ita ta jera. Tsohon umarnin gurbin lamba ɗaya ya ware, da an kai goma, mai lamba biyu, sai ta ture rubutu. Mako uku Alvin ya hana mu shan ruwa yana farautar matsalar nan. A watan Maris ya gyara ta a fayil ɗin kwamfuta da kowa ke ɗibar umarni. Mutumin nan ne zai tafi lahira ya bar karkataccen layi? Haba."

"To wa zai iya buga karkatacce yanzu?"

"Sai wanda ya ajiye tsohon umarnin a nasa fayil ɗin. Kar ka tambaye ni wane ne, ba na leƙen kayan mutane."

Ofishin da ke maƙwabtaka da na mamacin na Dakta Gordon Pruitt ne, wanda suke rubuta littafi tare. Tun kafin a tambaye shi ya fara magana.

"Na sha gaya masa matar nan za ta ƙarasa shi."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Jiya da rana. Ƙarfe huɗu na tafi gida."

"An ce ya gyara muku wani umarni."

"Ƙaramin abu ne aka mai da shi babba. Amma kowa da gyaran yake aiki, har ni."

Thibodeau ya yi godiya ya fita. Saurin amsar bai kwanta masa ba.

Bayan abincin rana ya tara malaman sashen su shida a ɗakin kwamfuta.

"Kowa ya shiga kwamfuta da sunansa, ya buga min jerin mutum goma da ya gani jiya, da lamba, da inda ya gan su."

Suka yi ta ƙunƙuni, don malamin lissafi ba ya son a ba shi aikin aji. Injin ya tofo takarda shida. Thibodeau bai ko karanta sunayen ba, ƙasan kowace ya duba. Biyar sun miƙe, ta Pruitt kuwa ta karkace a na goma. Ya shimfiɗa ta shidan kusa da takardar mamacin, ya tura su gaban Pruitt.

"Ka ce da gyaran kake aiki, Dakta."

Pruitt ya daɗe yana kallon layukan biyu.

"Ni na rubuta tsohon umarnin," ya ce a hankali. "Shekara takwas ana aiki da shi. Ya tashi a gaban kowa ya ce kuskure ne. Ba zan taɓa aiki da nasa ba."

"Don wannan ka kashe shi?"

"A'a. Ya gano babi biyu na littafinmu daga takardun wani malami da ya rasu na kwashe su. Yau zai kai ni gaban shugaban kwaleji. Ƙarfe biyar na kai masa gahawa da ƙwayar a ciki."

"Matarsa fa, me ta yi maka?"

"Dole a ɗora wa wani."

Aka sa masa ankwa, 'yan sanda biyu suka wuce da shi ta gaban bencin. Thibodeau ya zauna kusa da Lorna.

"Ba mijinki ya rubuta ba, Madam. Ko kalma ɗaya."

Ta ɗago a hankali.

"Tun safe nake bin dalilan nan ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Har na yarda da uku."

Sai a lokacin ta fara kukan mijinta.