Hoton Da Umma Ta Sa Aka Goge

"Wai me Umma ta ce? Faɗa mini kawai, Dogo!"

Dogo ya sosa ƙeya. Duk tsawon nan nasa, a gaban Auta sai ya koma kamar kazar da ruwa ya yi wa duka.

"Ta ce... ba za ta haɗa zuri'a da mai satar fuskokin mutane a titi ba."

"Sata?!"

"Haba hasken idona, ni na faɗa? Ki kwantar da hankalinki, zan shawo kanta."

Auta ta juya masa baya don kada ya ga ƙwallarta. Ta san shi sarai. Yana sonta kamar ransa, amma ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai tsallake maganar mahaifiyarsa ba. Ita kuwa ba ta taɓa ganin Umman ba ko a hoto, don matar ba ta ga maciji da kyamara.

Sana'ar Auta ke nan. Ta rataya kyamara ta bi titi, ta ɗauki mutum bai shirya ba, kafin ya gyara hula ya ƙaƙalo murmushin dole. Amma tana da ƙa'ida: da ta ɗauka za ta je ta gaishe shi ta nuna masa. In ya yarda ta wanko ta kawo masa, in ya ƙi ta goge a kan idonsa.

Ranar Laraba da hantsi, a tashar mota, ta hango wata dattijuwa a kan benci. Ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa, tabarau ya zamo kan hanci, tana leƙen mutane ta samansa. Rana ta ratso rumfa ta sauka a rabin fuskarta.

Ƙyas!

Auta ta duba hoton. Tun da take ba ta taɓa ɗaukar irinsa ba.

Ta je ta durƙusa. "Ina kwana, Mama? Na ɗauke ki hoto ba izini. Ga shi, ki gani."

Dattijuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta haɗe rai.

"Goge shi."

"Mama, kin ga kyan da kika yi kuwa..."

"Na ce goge!"

Kamar Auta ta fashe da kuka. Ta juyo mata kyamarar, ta danna. "Ya tafi, Mama. Ki yafe ni, fuskarki ce ba tawa ba." Ta zaro mata takalmin daga ƙarƙashin benci, ta wuce.

Bayan kwana uku Dogo ya zo yana haki. "Umma na son ganinki! Yau ɗin nan!"

Auta ta shiga falon Umma, kanta a ƙasa. Ta gaisar, ta ɗago... sai ga tabarau a kan hanci.

"Wayyo Allah! Mama?!"

"Zauna, 'yar nan. A wayar wannan dogon na ga fuskarki. Kwana biyu na yi ina gadinki a tasha don in gwada ki, har yau ƙafata ba ta yafe mini ba." Ta gyara zama. "Na zaci za ki yi mini wayo ki ɓoye hoton. To ɓarawo ba ya mayar da kaya. Ga Dogo nan na ba ki, ki je ki yi ta fama."

Dogo ya washe baki har kunne. Auta kuwa sai hawayen daɗi.

Umma ta matso, ta sassauta murya. "Wannan hoton... ba ya dawowa?"

"Ya tafi ke nan, Umma."

Ta yi ajiyar zuciya. "Rabon da in ga kaina haka tun Abbansu na da rai." Ta kamo hannun Auta ta riƙe gam. "Sai ki sake wani. Ga gida, ga ni, ga shekaru in Allah ya ara mana. Amma fa, 'yata, kada ki faɗa mini ranar."