Abin da Madugu Ya Gano a Ƙetaren Kogi

A shekara ta huɗu da hawan sarkin nan da ake yi wa laƙabi da Mai Ganuwa, bayan ruwan sama ya ɗauke kuma kogi ya fara janyewa daga gaɓarsa, aka wayi gari unguwar maƙera ta yi tsit. Gida goma sha ɗaya sun ɗaure zugazugi da masaba da awartaki, sun haye zuwa ƙasar ƙetare. Ba su ne na farko ba. Tun bara manoma suke sulalewa biyu-biyu, uku-uku, amma fada ba ta damu ba sai da aka nemi mai ƙera kan kibiya aka rasa.

Shi wannan sarki bai sami gadon mahaifinsa da sauƙi ba. Baffansa ya yi masa tawaye, ya kewaye birni wata uku, har mutane suka ci dabbobin hawansu. Da Allah ya ba shi nasara, sai ya rantse zai ɗaga ganuwar da ba mahaluƙin da zai sake tsaya masa a ƙofa. Shekara huɗu ke nan ana kwaɓa ƙasa, rani da damina, kowane gida yana ba da namiji ɗaya.

Ranar da labarin maƙera ya iso, fada ta cika. Sarkin Yaƙi ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, maƙwabcin nan naka sata yake yi mana da rana tsaka. Yau maƙera, gobe masaƙa. An ce dukiya ta yi masa yawa har yana sayen mutanenka da ita. Ka ba ni kwana goma sha biyu in tara runduna a mashigi. Mu dawo da namu, mu haɗo da nasa."

Fadawa suka yi ta cewa gaskiya ne. Waziri ya sunkuyar da kai, don ya san wanda ya taɓa faɗin laifin aikin ganuwa yana can gidan yari.

Sai Magajiya, gwaggon sarki, wadda ta goye shi yana jariri, ta yi gyaran murya daga inda take zaune. Ta ce, "Ɗana, duk cikinku wa ya taɓa zuwa ya gani da idonsa? An ce, an ce. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka kai 'ya'yan mutane bakin kogi, aiki mutum ɗaya mai ido ya dubo maka abin da ke jan su."

Sarki ba ya iya musa mata a gaban jama'a. Ya ce a tara runduna kamar yadda aka faɗa, a kuma aiki mutum. In ya dawo kafin kwana goma sha biyu, za a saurare shi. In bai dawo ba, a haye.

Wanda aka zaɓa wani tsohon madugu ne da ya yi shekara arba'in yana jan ayari, har gwiwa ta zaunar da shi. An zaɓe shi don ya san hanya, kuma ba ya ƙara gishiri a magana. Abin da fada ba ta lura da shi ba shi ne, 'yarsa tana auren ɗaya daga cikin maƙeran da suka haye, da jikokinsa uku, ɗansa kuwa maharbi ne a rundunar da ake tarawa. Ya ɗora wa jakuna biyu gishiri, ya fita kamar mai fatauci.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne ƙasar kanta. Ya zaci zai tarar da fadama mai baƙar ƙasa, sai ya tarar da jigawa, yashi har idon sawu. A ƙauyen farko ya roƙi ruwa, aka jawo masa daga rijiya mai gaba ashirin, ya kurɓa ya ji zartsi. Matar da ta ba shi ta yi dariya ta ce, "Baba, daga tsallake kake, na ga yadda ka yamutsa fuska. Ku kam Allah ya ba ku ruwa."

Amma a bayan kowane gida akwai rumbu, wani biyu, wani uku, an liƙe bakinsu da sabuwar laka. Ya ga maza a gida da hantsi suna gyaran jinka. Ya daɗe bai ga namiji mai ƙarfi a ƙauye da rana ba.

Kwana na uku ya sami 'yarsa a wani gari na bakin hanya. Tun daga nesa ya ji ƙarar masaba. Surukinsa ya ajiye aiki ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido, don bai yi masa sallama ba ranar da suka tafi.

Madugu ya ce, "Tashi. Ban zo biko ba. Me sarkin nan ya ba ku?"

Maƙerin ya ce, "Wallahi Baba, ko allura bai ba mu ba. Ban ma taɓa ganinsa ba."

"To me kuka zo ci?"

"Guminmu. A can shekara uku ban ƙera wa manomi fartanya ba, kullum kan kibiya da ƙusoshin ƙofar birni, ladan kuwa sai sannu da aiki. A nan jiya kaɗai na ƙera lauje shida, kowa ya zo da hatsinsa. Amma kada in yi maka ƙarya, tamar nan ba ta kai tamu ba, gawayi kuma sai an yi tafiyar yini."

'Yar ta kawo wa mahaifinta abinci, ta zauna gefe tana kallonsa yana ci. Ta ce, "Baba, ka rame."

Ya ce, "Ke kuwa har wuya ya yi miki gajere."

Ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Ba kullum ne daɗi ba. Watan jiya mahara suka faɗo garin da ke gabanmu, suka kore shanu, suka tafi da mutum huɗu. Ba ganuwa, ba mai tsaro. In kare ya yi haushi sai in rungume yara. A can cikinmu ne ba ya cika, amma ba mu san wannan fargabar ba." Ta matso kusa da shi. "Gaskiya ne abin da ake faɗa, ana tara mayaƙa? Yaya yana ciki?"

Madugu ya ture kwanon, ya miƙe ya ɗaure wa jakunansa kaya.

Ya wuce babban birnin ƙasar. Kasuwa tana ci kullum, fatake daga nesa suna sauke kaya ba wanda ya tare su a ƙofa ya zaɓi na zaɓa. Ganuwar kuwa abin kunya, akuya ma tana tsallake ta. Yana cikin auna gishiri sai wani dillali da suka taɓa tafiya ayari ɗaya ya gane shi. Kafin la'asar dogarai sun kai shi gaban sarkin ƙetare.

Tsoho ne, zaune a zauren da ruwan damina ya yi wa zane a bango. Ya dubi madugu ya ce, "Mayaƙana aka aiko ka ƙirga ko rumbunana?"

Madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, an aiko ni in ga abin da ya sa mutanenmu suke zuwa wurinka."

"Ka gani?"

"Na gani."

"To ni ma ka faɗa mini abin da ya sa makiyayana suke roƙon in bar su su koma wurinku. Sun ce kuna da ruwa da ciyawa da ganuwa." Ya yi murmushi, sannan ya tsuke fuska. "Ba ni da rundunar da za ta tsaya wa ubangidanka. Hakimaina sun ce in ya haye, in jera baƙin nan naku a gaba, kibiyarsa ta fara cin nasa. Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba."

Hakiman suka nace a tsare shi, don ɗan leƙen asiri ne. Kwana huɗu yana ɗaki a kulle yana lissafin ranaku da yatsu, yana ganin fuskar jikokinsa a gaban bakan ɗansa. A rana ta biyar sarkin ya rinjayi hakimansa, ya sa aka sake shi, aka ba shi doki maimakon jakunansa.

Ya iso mashigi da hantsin rana ta goma sha uku. Wa'adi ya cika tun jiya. An riga an jera jirage, sahun farko na 'yan baka sun shiga ruwa har gwiwa. Ya ratso kogi a kan doki yana ɗaga rawaninsa sama, yana ihu da muryar da ya saba tsai da ayari da ita. Allah ya sa wani jarumi ya gane shi kafin a sake masa kibiya.

Aka kai shi inuwar da sarki yake. Sarkin Yaƙi ya dubi dokin ya ce, "Ya tafi da jaki ya dawo da doki. Allah ya ba ka nasara, an saye bakinsa."

Madugu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. A karɓi dokin, a ba ni numfashi uku."

Sarki ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ni da shi, wa ya fi arziki?"

"Kai, ranka ya daɗe. Ka fi shi ƙasa mai kyau, ka fi shi ruwa, ka fi shi dawaki. Zaurensa yoyo yake yi. In ka haye yau, kafin mako ya zagayo kana zaune a gidansa, kuma ba za ka sami abin da zai cika jirage goma ba."

Fuskar sarki ta saki. Ya ce, "To me suka je yi?"

"Talakansa ya fi naka ƙoshi. Ba don ya ba shi komai ba, don dai ya bar shi a gonarsa lokacin shuka. Mu kuwa muna kwaɓa ƙasa ruwa yana wucewa. Su suna kwana da tsoron mahara suna sha'awar ganuwarka, mu muna bayan ganuwa muna sha'awar rumbunsu. Abin da na gani ke nan. Kuma in ka haye, mutanenka za a jera maka a gaba. 'Yata tana cikinsu, ɗana kuma ga shi can cikin ruwa da baka a hannu."

Dogarai suka matso suna jiran umarni. Sarki ya miƙe, ya taka da ƙafarsa har bakin ruwa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya kira wani ɗan baka mai furfura ya ce, "Dami nawa ka samu bana?"

Mutumin ya rusuna. Ya ce, "Uku, ranka ya daɗe. Matata ce ta yi shukar, ni ina wurin ganuwa."

"A zamanin mahaifina fa?"

"Arba'in, wani lokaci da ɗoriya."

Sarki ya juya ga runduna, ya sa sanƙira ya yi shela cewa duk mai ɗan'uwa a ƙetare ya ɗaga makaminsa, ba abin da zai same shi. Da fari ba wanda ya motsa. Sai ɗan madugu ya ɗaga bakansa. Na kusa da shi ya ɗaga. Kafin a jima, fiye da rabin rundunar makamansu suna sama, har da biyu daga cikin barorin Sarkin Yaƙi.

Sarki ya ce, "A fito da su daga ruwa."

Masu ba da labari sun ce ba a taɓa jin runduna ta yi sowa irin ta ran nan ba, ko a ranar nasara. Maza suka zube a kan yashi suna hamdala, wasu suna dariya, wasu suna share ido da gefen riga. Madugu ya nemi tashi daga durƙuson da ya yi, gwiwa ta ƙi, sai da ɗansa ya zo jiƙe sharkaf ya ɗaga shi.

Abin da aka riƙe na ƙarshen al'amarin shi ne, sarki ya hana aikin ganuwa daga saukar ruwan fari har a gama girbi, ya saki mutumin da ke gidan yari, ya bar maƙera su yi wa manoma aiki. Waziri ya haye da saƙo, aka ƙulla amana: makiyayan ƙetare su shayar da dabbobinsu a wannan gaɓa da rani, mayaƙan wannan gaɓa su taimaka wajen korar mahara, a kuma kafa kasuwa a mashigin. Sarkin Yaƙi ya yi fushi ya koma gonarsa shekara guda, daga baya ya dawo, shi ne ma ya fatattaki maharan. Cikin shekara uku gida bakwai na maƙera suka dawo. Surukin madugu bai dawo ba, ya ce ya riga ya saba da mutanen can, amma kowace ranar kasuwa jikokin suna hayowa su ga kakansu. Ganuwar kuwa ba a gama ta ba sai a zamanin jikan sarkin.

Sarakuna da yawa an tuna da su saboda garuruwan da suka ci. Wannan an tuna da shi saboda ranar da ya ji magana mai ɗaci a gaban rundunarsa, ya haɗiye ta. Mai mulki yakan auna ƙasarsa da abin da yake hangowa daga soronsa, talaka kuwa da abin da ya tarar in ya buɗe rumbu, kuma ba kasafai ma'aunin biyu suke haɗuwa ba. Da tsohon nan ya ƙara sa'a ɗaya a hanya, da wani labarin muke bayarwa. Allah ne ya san yadda yake jera al'amuransa.