Awa Tamanin da Suka Rage

A tashar Kaura Namoda suka fara ganin juna, ranar da motocin Shinkafi suka tsaya har azahar ana jiran sojojin rakiya. Saliha tana duba takardun ɗalibanta a kan cinya, Kamaluddeen ya matsa mata gefen inuwa.

"Mi kake yi?" ta tambaye shi.

"Mataimakin matuƙin jirgin sama ne ni."

"Kuma kana jiran mota tare da mu?"

Ya yi dariya a gajiye. Kafin motar ta tashi ya karɓi lambarta.

Bayan wata bakwai ya turo manyansa. Mahaifinta Malam Namadi, tsohon alƙali, ya ce, "Yau Legas gobe Abuja, kuma har yanzu mataimaki? In ya zama kyaftin ya dawo." Ga Anwar, dillalin hatsi na Zurmi, bai daina aiken neman aurenta ba.

Awa tamanin na tuƙi suka rage wa Kamaluddeen kafin a gwada shi a kyaftin, ga gwajin ya matso, in ya wuce sai baɗi. Ya taɓa yin su a wani ƙaramin jirgi, sai dai doka ta ce jirgin da mutum ɗaya ya isa ya tuƙa, zaman mataimaki a cikinsa ba ya shiga littafin awoyin tuƙi. Kyaftin ɗinsa ya ce ya rubuta kawai, zai sa hannu.

Ya tura wa Saliha saƙo: "Sanyin idona, na gaji. In na rubuta, bana za a ɗaura. In na ƙi, sai baɗi, in Anwar ya bari."

Kwana uku shiru. Ya ɗauka ta haƙura da shi, ashe sabis ne ya ɗauke a Shinkafi.

Sannan amsa ta shigo: "Nawan, kar ka rubuta. Ni ma na gaji, amma akwai rayuka a bayanka. Na nuna ma Baba saƙonka."

Malam Namadi ya kira shi.

"Da ka rubuta, akwai mai ganewa?"

"Babu, Baba."

"Ka rubuta?"

"Alƙalamin na ɗauka, na kasa."

Tsohon ya ce, "Turo magabatanka. Na ba ka ɗiyata."

Ranar Juma'a aka ɗaura a Shinkafi, ango har yanzu mataimakin matuƙi, da hutun kwana biyu kacal. Malam ya dafa kan ango.

"Allah Ya yi maku albarka. Duk inda ka tashi, Ya sauko mata da kai lafiya."