Ranar da Aka Tone Dutsen Sulhu

"Mama, me ya sa yatsun Kawu Kiletus ba sa miƙewa?"

Tekla ta tsaya cak da ferar rogo, sai hawaye... Me za ta ce wa 'yar shekara biyar? Ta ce mata ƙanen uwarsu, Barnabas, kwamandan mayaƙa a yaƙin tsibirinsu na Bogenbil, shi ya karya su ɗaya bayan ɗaya da gindin bindiga, don ya gano yayan nata Kiletus namiji yake so? Da yaƙi ya ƙare aka yi sulhu a ƙauyensu na bayan garin Arawa, aka kira sunan duk wanda aka zalunta, aka binne dutse alamar magana ta mutu. Ba a kira Kiletus ba. Barnabas ya kuma kore shi daga gonar koko ta uwarsu, ya koma bukka a bakin daji. Tekla kaɗai ke kai masa abinci, da goyo a baya, mata na binta da habaici. Allah sarki!

Ana haka sai ga Rosita, wata mai shirya fim daga garin Buka, tana neman labarin irinsu Kiletus. Fim ɗinta babu fuska: hannuwa kawai take ɗauka, muryoyi kuma ta sauya su.

"Ƙanwata, za su ƙarasa ni," in ji Kiletus, da Tekla ta kawo masa maganar.

"Yaya, da ranka suka binne ka, me ya rage? Ina gefenka, tashi ka wanke hannunka."

Da Barnabas ya ji ba a nuna fuska, da ƙafarsa ya je ba da labarin jarumtarsa.

Ranar kasuwa aka nuna fim ɗin a rumfa. Ga karkatattun yatsu sun daɗe suna fama da ɓawon buai, goron ƙasarsu, sun kasa ɓarewa... Sai ga wasu hannuwa masu ƙiba, wata murya na dariya: "Ɗan daudun nan? Ai ni na gyara masa hannu." Hannuwan suna juya gorar tokar cin buai mai murfin kwanson harsashi. Kaf ƙauyen mutum ɗaya ke da ita!

Kaka Perpetuwa, uwar dangi, wadda gonakin dangin ke hannunta, ta miƙe da sanda.

"Barnabas, ɗana, ka ce mini Kiletus faɗowa ya yi daga bishiyar kwakwa. Ku kawo mini fartanya."

Da hannunta ta tone dutsen. Ta tsige Barnabas daga magana da yawun dangi, ta mayar wa Kiletus gonarsa. Barnabas ya zo da aladen neman gafara a kafaɗa, ya durƙusa gaban jama'a ya kira sunan Kiletus har sau uku. Tekla ta rungume yayanta, tana kuka tana dariya tana gode wa Allah.

Mai karatu, in an zauna sulhu a danginku, duba wanda aka bari a waje kafin ka tafa. In ka san shi ka yi shiru, da hannunka aka karya shi.