Hijabin da Ya Jira Niyya

A bakin kasuwar Aboabo Neindow ya fara ganinta, ta tsaya da babur, robar man kaɗanya ɗaure a baya, tana danne mayafi da haɓa kada iska ta kwashe shi. Mace a kan babur ba labari ba ce a Tamale, amma shi da ke ɗinkin rigar saƙi a ƙofar shago sai da ya soka wa kansa allura.

"Sannu, tela," in ji ta. "Ido a kan aiki."

Sunanta Tiyumba. Kafin damina ta fita ya koma kiranta Kaɗanyata, ita kuma Tela dai take ce masa, sai dai yadda take jan sunan ya ishe shi abincin rana.

Matsalar tana gida. Mahaifiyarsa, Mma Sanatu, ta ce ba za ta kai goro gidan yarinyar da mayafinta bai wuce gwiwar hannu ba. Ga Azaratu 'yar maƙwabta, hijabi har ƙasa, kullum tana zuwa taya ta shara. Ni dai na san hijabin nan ya bayyana ne watan da Neindow ya buɗe shago. Astagfirullah, zuciya ta Allah ce, na janye.

Da ƙyar Mma Sanatu ta yarda ta ga Tiyumba sau ɗaya, ranar Juma'a. Neindow ya zauna ya ɗinka dogon hijabi ruwan toka, ya aika mata, ya bi da saƙo:

"Kaɗanyata, ki sa shi ranar Juma'a don Mma. Rana ɗaya ce tak. Daga baya ki yi yadda kika ga dama."

Amsa ta zo: "Tela, ɗinki ya yi kyau. Amma abin da ban sa don Allah ba tukuna, ba zan sa don a ba ni miji ba. Ranar da Ya tambaye ni don wa na sa, me zan ce?"

Ransa ya ɓaci. Ya ɗauka girman kai ne, ko kuwa son bai kai zuci ba. Ya daina kira, kuma shi ya fi shan wahalar hakan.

Ranar Juma'a sai ga ƙarar babur. Ta shigo da mayafinta na kullum, wankakke, ya rufe kai da ƙirji. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa, sannan ta ajiye hijabin a ninke a gabanta.

"Mma, ɗanki ne ya ɗinka mini don in burge ki. Da na sa, da kin ga wata, ba ni ba. Ina son ɗanki, ban ɓoye ba. Ina kuma roƙon Allah Ya kai ni ga wannan tufa da zuciya ɗaya. Amma gara in rasa shi da in shigo gidanki da ƙarya a jikina."

Ba ta janye ko kalma ba.

Mma Sanatu ta daɗe tana murza bakin hijabin. Can ta juya ga ɗanta.

"Kai, ni za ka yi wa ɗinki? Da allurarka za ka rufe mini ido?"

"Mma, tuba nake."

"Yi mini shiru. Yarinya ta fi ka tsoron Allah." Ta miƙa wa Tiyumba hijabin. "Riƙe kayanki, 'yata, ki sa ranar da zuciyarki ta ce. Wadda ba ta yi mini ƙarya da tufa ba, ba za ta yi mini da baki ba."

Kunya ta kama Neindow, amma alfahari ya fi ta yawa. Ji yake kamar ya fita titi ya shaida wa kowa cewa wannan ce tasa.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Makaɗa suka cika unguwa, aka ci tuwo da miyar ayoyo har aka bar saura, Azaratu ma ta taya rabo.

Sati ya zagayo, baƙi sun watse. Da hantsi ya fito ya tarar da ita tana ɗaure robar mai a kan babur, sanye da hijabin ruwan toka, ta tattare bakinsa kada taya ta kama.

"Kaɗanyata! Don wa?"

"Ba don kai ba, Tela," ta ce tana murmushi. "Ai na riga na same ka."

Bai taɓa jin maganar da ta yi masa daɗi irin wannan ba. Mma Sanatu, da ke tankaɗe a gindin bango, ta ɗaga hannu da gari a tafinta.

"Allah Ya karɓa, 'yata. Allah Ya ba ni jikoki masu irin zuciyarki."

Neindow ya ce amin, har muryarsa ta fi ta babur.