Saƙon Edna a Wayar Elda

Ranar da Edna ta fara ganin Silvanus, faɗa yake yi da wayarsa a bakin kasuwar Kafanchan. Ya jingina babur da buhunan citta a baya, ya kai wayar dab da baki yana cewa, "Ki kira mini Jason na ce. Ke kurma ce?"

Edna malamar kwamfuta ce a wata sakandare, kuma Allah bai yi ta da iya wuce abin da bai shafe ta ba. Ta tsaya.

"Me ta yi maka?"

"Buhu ya faɗa mata, gilas ya mutu. An ce in na yi mata magana za ta yi aiki. Tun safe muke abu ɗaya."

"Ai ba haka ake yi ba. Barci take yi da kunne ɗaya a buɗe, sai ka kira sunanta take tashi. Ta ɗauki muryarka, ta aika wa manyan kwamfutoci ta intanet, su mai da ita rubutu, su nemo abin da ya fi kama da nufinka. In suna ka faɗa, sai ta duba sunayen wayarka ta zaɓi mafi kusa. Kuma Turanci ta fi ji, shi ma ba irin namu ba."

"Wato ba ji take yi ba, canka take yi?"

"Kamar yawancin maza."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, wushiryarta ta bayyana. Daga nan Silvanus bai ƙara fahimtar komai a darasin ba. Ya dai ce ta sa masa lambarta, wai don gwaji.

Gwajin nan bai ƙare ba. Kafin damina ta wuce ya raɗa mata suna Cittata.

"Citta fa yaji gare ta," in ji Edna.

"Shi ya sa ake zuwa nemanta daga nesa."

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Elda Boaz, dattijon ikkilisiya ne, tsohon hedimasta, mutumin da tun aurensa bai taɓa kiran matarsa Faustina da wani suna da ya wuce "ke" ba. Shi Clinton yake so ta aura, wani ma'aikaci a Abuja mai Turanci ta hanci. Clinton ya taɓa zama a falonsu ya tambayi wayarsa yanayin garin London, ta amsa nan take, ko da yake babu mai shirin zuwa London a gidan.

Da Silvanus ya zo gaisuwa ya durƙusa, har ya karɓi lambar Elda ya adana da sunan "Elder". Yana fita Elda ya yanke hukunci.

"Mutumin da wayarsa ma ba ta jin maganarsa, shi zai riƙe gida? Kafin Kirsimeti zan ba mutanen Clinton amsa."

Lokacin haƙar citta ya zo, Silvanus zai tafi wajen Nok saye. Edna ta ce, "Kar ka kira, Baba yana kasa kunne. Ka riƙa turo saƙo."

"Kullum, Cittata. Ko a kan babur nake, zan faɗa wa wayar ta turo."

Ya tafi, shiru. Kwana ya zama mako, mako ya haifi wani. Edna ta duba waya a aji, ta duba a majami'a a ƙarƙashin littafin waƙa, babu komai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ta rantse ba ita za ta fara nema ba. Har ta fara gaya wa kanta cewa Turanci ta hanci ba cuta ba ce.

A cikin wannan baƙin cikin ne ta lura Baba ya canza. Wata safiya Mama ta ajiye masa faten acca, ya yi gyaran murya kamar zai karanta sanarwa, ya ce, "In kika yi dariya, sai in manta farashin komai."

Mama ta duba bayanta ta ga ko da wata yake. Babu kowa.

Bayan kwana biyu Mama ta fara ɗaura ɗankwalin zuwa sujada a ranar Talata. Edna tana wanke-wanke ta ji Baba daga falo yana cewa, "Wushiryar nan taki tana hana ni ganin hanya, cittata."

Kwano ya suɓuce mata. Mama ba ta da wushirya, haƙori ne aka cire mata bara. Kuma mutum ɗaya ne a duniya yake faɗin wannan sunan.

Ta shigo da kumfa a hannu. "Baba, don Allah ara mini wayarka."

"Ba caji."

"Ga ta can a jikin caja."

Saƙonnin suna nan jere, daga lambar da ta haddace. Da Turanci suke, amma ga abin da suke cewa:

"Cittata, na wuce Kwoi. In kika yi dariya, sai in manta farashin komai."

"Yau ma ba ki amsa ba. Ba komai, na san ana sa miki ido. Wushiryarki tana hana ni ganin hanya."

"Kar ki yi faɗa da Baba saboda ni. Wanda ya raine ki haka ba zai so ki da sharri ba. Zan jira."

Edna ta zauna a hannun kujera, dariya da kuka suka haɗe mata. Ta kira Silvanus a gaban kowa ta ce ya zo yau.

La'asar ta yi masa a falon, ƙura har gira. Edna ta ce ya yi yadda ya saba. Ya kira wayar da sunanta, ya ce, "Text Edna."

Wayar ta tambaya da muryarta mai sanyi, ko ta aika wa Elder?

"Yes," in ji Silvanus da ƙarfin gwiwa. Wayar Elda ta yi ƙara a kan tebur.

"Ka ji abin da ta tambaye ka kuwa?" Edna ta ce. "Edna a bakinka, Elda a kunnenta. Ta tambaye ka, kai ma ka canka. Ku biyun babu mai saurarar wani."

Silvanus ya zame daga kujera ya durƙusa. "Baba, wallahi ba wushiryarka nake nufi ba."

Elda, wanda a wurinsa Edna ta gaji wushiryar, ya sa hannu ya rufe tasa. Can ya ce, "Abin da ya shigo wayar mutum nasa ne. Ban ga dalilin da zai sa a bar shi ya lalace ba."

Kowa ya juya wajen Mama. Edna ta ji tsoro, don ta ga yadda uwarta ta yi haske a kwanakin nan.

"Tun da ka ambaci wushirya na san aro ne," Mama ta ce a hankali. "Amma bakinka ne ya faɗa, Boaz. Na daɗe ina jira." Ta share ido da bakin zane. "Yaron da ya buɗe wannan bakin, shi zan ba 'yata. Clinton ya auri wayarsa, tun da suna jin juna."

Elda ya juya wajen Silvanus. "Ka yi ta magana ba amsa, ba ka zage ni ko sau ɗaya ba. Na duba sosai. Ka turo iyayenka."

An ɗaura aure bayan Kirsimeti, matan zumuntar ikkilisiya suka yi rawa har ƙasa ta motsa. Tun kafin ranar Edna ta canza sunan nan a wayar ango zuwa Baba.

Wajen cin abinci Elda ya ja Silvanus gefe ya rage murya. "Ɗana, kuskuren nan, kar ka daina gaba ɗaya. Ko sau ɗaya a mako."

"Na ji ka," in ji Mama daga bayansa. "An rufe aro. Faɗi naka."

Elda ya yi gyaran murya, ya dubi sama, ya dubi takalminsa, gumi ya keto masa.

"Faustina," ya ce, "in kin tafi zumunta, gidan ba ya yi mini daɗi."

Mama ta gyara masa wuyan riga. Edna ta matse hannun mijinta.

Ubangiji ya albarkaci gidajen biyu, ya ba su kunnen jin juna.