Shafukan da Dogo Ya Tsallake

Ranar da littafi na tara, na ƙarshe a jerin labarin, ya fito, layin masu saye a shagon littattafai ya kai har bakin titi. Dogo, wanda aikinsa ɗinke tsofaffin littattafai ne a ɗan ɗakin bayan shagon, shi ma aka fito da shi ya taya miƙa wa mutane. A nan ya ga wata matashiya a cikin layin. Ta karɓi nata, ta ja gefen taga, ta ɗaga shi har ya kusa taɓa hancinta, tana ta jujjuya shi tana neman haske.

Ya tambaye ta ko bugun ne bai fita ba. Ta yi murmushi ta ce bugu lafiyarsa lau, idonta ne ya gaza. Malamar firamare ce, ta ajiye aiki domin ta daina ganin rubutun yara. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, ba magani ba tiyata. Shekara goma sha huɗu tana bin labarin matuƙiyar jirgin ruwan nan mai neman tsibirin da aka kori kakanninta daga cikinsa, yau ga ƙarshen a hannunta, amma layi ɗaya ya gagare ta.

"Ni zan karanta miki," in ji Dogo, tun bai yi shawara da zuciyarsa ba.

Haka ya riƙa zuwa kullum da yamma. Su zauna a barandar gidansu, mahaifinta tsohon tela yana gefe a kan keken ɗinkinsa, wai shi ba ya saurare, amma da an zo wurin faɗa sai keken ya yi shiru. Dogo ya sa mata suna Matuƙiya, ita kuma ta ce tunda shi ke karanta mata, sunansa Muryata.

Idan ya koma gida sai ya tarar da saƙonta: "Muryata, ka isa lafiya? Kada ka kuskura ka leƙa gaba ba tare da ni ba. Baba ya ce a gaya maka ka daina tsayawa a wuri mai daɗi."

Daga baya ya kai wa mahaifiyarsa maganar aure. Ita kaɗai ta raine shi, bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce yarinyar ba ta da laifi, amma wa zai kula da wuta a kicin, wa zai ga yaro in ya nufi bakin titi? Ga 'yar ƙawarta ma'aikaciyar jinya tana nan, mai hankali, mai cikakkiyar lafiya. Dogo ya ce ya ji, ya tashi ya fita.

Gaskiyar magana, ya riga ya leƙa gaba. Matuƙiyar labarin ta isa wurin, ta tarar teku ya daɗe da cinye tsibirin, ta tsufa a cikin jirginta ta mutu ba ta taka ƙasa ba. A satin da suka zo babin ƙarshe kuma likita ya tabbatar wa Malama idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Dogo ya dube ta zaune ta haɗa hannuwa tana jira, sai ya tsallake shafi goma sha ɗaya, ya ƙaga nasa: jirgi ya isa gaɓa, tsibiri kore shar, tsofaffi suna kuka suna sumbatar ƙasa. Ta yi hawayen murna, ta ce ashe dai ana isa.

Kwana biyu tsakani ta buɗe zauren masu karatu a wayarta, wayar ta shiga karanto mata saƙonni da muryar nan tata marar tausayi. Wani ya ce an cuce su, shekara goma sha huɗu a banza. Wata ta ce ta jefa littafin bayan kabad, ba za ta yafe wa marubucin ba. Wani dattijo ya ce shi bai ga laifi ba, tun littafi na uku aka nuna musu ruwa yana hawa, su ne suka ƙi gani.

Saƙonta ya same shi yana shafa gam a bangon wani littafi: "Kowa ya san ƙarshen sai ni. Likita ya faɗa mini gaskiya ban mutu ba. Kai da na ba amanar kunnena ka mayar da ni yarinya. Kada ka zo yau."

Yau ɗin ta zama sati biyar. Ya kira ba ta ɗauka ba. Ya je gidan, tsohon tela ya tare shi a ƙofa ya ce ya yi haƙuri, ko abinci sai an matsa mata. A gida kuwa ma'aikaciyar jinyar ta fara zuwa gaida mahaifiyarsa. Dogo ya rame, allura ta sha huda masa yatsa. Daga ƙarshe ya tura mata: "Matuƙiya, ba ke na ji wa tsoro ba, ni ne na kasa. Ki bar ni in karanta miki shafukan da na tsallake, daga nan in kin kore ni zan tafi."

Ta ce ya zo. Ya karanta duka, bai rage ko kalma ba. Da ya rufe littafin sai ta ce ita ba ta ji haushin marubucin ba. Ta ƙara da cewa likita ya ba idon dama shekara guda, ƙila ma ba zai kai ba.

"Ba zan warke ba, Muryata. In ka aure ni, wata rana zan manta kamanninka. Za ka iya zama da wannan ba tare da ka yi mini ƙarya ba?"

"Zan koya," ya ce. "In na fara, ki tsayar da ni."

Aka ɗaura aure ba taro, mutum bai fi ashirin ba. Mahaifiyarsa ta ba da izini da baki, amma ba ta je ba. Sai bayan kwana tara ta yi sallama a ɗakinsu. Amarya ta miƙe da sauri tana laluben bango za ta kawo ruwa, ga kujera a kan hanyarta. Tsohuwar ta riga ɗanta tashi, ta janye kujerar, ta kama hannun surukarta ta zaunar da ita kusa da ita.

"Zauna, 'yata, shi ya kawo," ta ce. "Allah ya ba ku haƙurin abin da ke gabanku, ya yi muku albarka."

Dogo ya amsa da amin daga bakin ƙofa, kofi a hannunsa yana zuba bai sani ba.